Keken Inna a Littafin 'Yan Sanda

Unguwar Magajiya,
Suleja,
18 ga Nuwamba, 1979.

Zuwa ga ƙanwata Daso,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Isiyaku da yara gaba ɗaya. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara rufin asiri, ya sa aikin reluwe ya ci gaba da yi wa Malam Isiyaku albarka, ko da jirgin nasu bai koyi zuwa a kan lokaci ba. Mu nan sai godiya. Gwiwar uwargida Rabi ta yi sauƙi tun da damina ta ɗauke, har ta koma zuwa biki da ƙafa. Goggo Jummai tana nan a Garam, ido ya rage amma baki bai rage ba. Ni kuwa tun da na bar aji ina nan a zaure tsakanin jarida da buta, ina gyara wa duniya kurakuranta ba tare da ta sani ba.

Kin ga adireshin da na sa a sama. Kada ki ɗauka ƙaura muka yi. Gidan nan ne dai da kika sani, sunan garin ne aka ɗauke da rana tsaka aka kai wa sabon birnin da ake sharar dajinsa, mu aka ba mu wani. Baƙi sun cika gari, kowane zaure ya zama ɗakin haya, har ka fita ƙofar gidanka ka yi sallama a amsa maka da harshen da ba ka taɓa ji ba.

Yanzu sai abin da ya sa na zauna rubutu. Sau biyu kina aiko mini daga Maiduguri cewa in ba direba keken ɗinkin Inna ya kawo miki, tun da 'yarki Ummi ta isa koyon ɗinki. Sau biyu ina amsa miki da labarin ruwan sama da farashin dawa. Na san kin lura, don ke ba ta yau ba ce. Gaskiyar magana ita ce keken ba ya hannuna tun farkon damina. An sace shi. Kuma wannan shi ne ɓangaren labarin mai sauƙi, domin akwai mutumin da ƙafarsa ke ɗaure saboda keken nan, kuma amsar da za ta fito daga bakinki ce za ta kwance shi ko ta ƙara ɗaure shi. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi, sa'an nan ki yi fushin gaba ɗaya.

Ranar wata Juma'a ce a watan Yuni. Rabi ta tafi suna Garam tun safe. Ni na tafi masallaci, na biya majalisa kamar kullum, muka tsaya gardamar siyasa har la'asar. Kin tuna Irmiya kafinta, mutumin Kagoro, wanda ke haya a ɗakin jikin zaure shekara bakwai ke nan, shi da matarsa Hannatu? Shi yana rumfarsa a kasuwa, ita tana wurin aikinta. Gida babu kowa. Aka hauro ta katangar baya, aka ɓalle mariƙin kwaɗon ɗakina, aka ɗauki keken da rediyo da babbar rigata ta Sallah. Littattafaina kuwa, kusan ɗari biyu, ko ɗaya ba a taɓa ba, abin da ya sa nake zargin ɓarayin tsofaffin ɗalibaina ne.

Rabi ce ta riga ni dawowa. Ta ga ƙofa a buɗe ta yi salati, kuma kin san salatin Rabi ba ya tsayawa a gida ɗaya. Kafin in iso, tsakar gida ta cika da 'yan jaje kamar gidan biki. Rabi ta ce da ta shigo akwai sawun mutum biyu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, daga katanga har bakin ɗaki, ɗaya ma da takalmin taya. Matan unguwa suka zo ganin sawun, kowacce ta tsaya a kansa don ta gani da kyau. Abin da ya rage kuma Rabi ta share shi da tsintsiya, don kunya ce baƙi su tarar da tsakar gida a hargitse. Shi kuwa Irmiya yana jin labari ya baro rumfarsa. Ya kwaso kayan aikinsa, ya cire katakon da ya tsage, ya sa sabo, ya goge, ya kafa sabon mariƙi, ya ce ba zai bari in kwana da ƙofa a buɗe ba. Na yi masa godiya ya ce in bari, wannan shi ne jajensa. Tsagaggen katakon kuma, da na neme shi daga baya, Rabi ta ce ai shi ya dafa tuwon daren.

Washegari na tafi caji ofis. Na tarar da Sajan Onwuka a kan kanta, mutum mai natsuwa, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu, kuma 'ya'yansa biyu sun bi ta ajina. Ya buɗe babban littafi ya rubuta ƙarata da kyakkyawan rubutu. Ya tambayi lambar keken, na ce Inna ta yi shekara talatin tana ɗinki da shi ba ta taɓa sanin yana da lamba ba. Ya ce za su zo su duba wurin da zarar motarsu ta dawo daga aikin taron siyasa. Motar ta dawo ranar Talata.

Da suka zo, Sajan ya tsaya gaban ƙofar ɗakina ya daɗe yana kallonta. A duk unguwar Magajiya babu ƙofar da ta kai ta lafiya. Ya dubi tsakar gida, fes kamar an lashe. Ya tambaye ni ina wurin da aka fasa. Ni kuma, cikin alfahari da maƙwabcin kirki, na ba shi labarin yadda Irmiya ya gyara komai tun kafin magariba. Sai ya ciro fensir daga aljihu ya tambayi cikakken sunan mutumin. Daso, da bakina na ba da sunan nan, harafi bayan harafi, ina zaton sunan wanda za a ba lambar yabo nake bayarwa. Da yamma suka zo suka tafi da shi. Hujjarsu ita ce yana zaune a gidan, ya san lokacin da ba kowa, yana da kayan ɓalle ƙofa, kuma shi ya shafe shaida da hannunsa.

Kwana biyu ya yi a tsare kafin in karɓi belinsa. Sharaɗin shi ne ya riƙa zuwa caji ofis kowace Litinin da Alhamis ya sa hannu, kuma kada ya bar gari sai an rufe fayil. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, abin mako biyu ne. Wannan ita ce ƙarya ta farko da na yi a wannan al'amari, ko da yake a lokacin ban san ƙarya ba ce.

Babu wanda ya taɓa kiransa ɓarawo a unguwa. Mutanenmu sun fi haka ladabi. Sai dai ƙofofin gari gaba ɗaya suka daina lalacewa. Wanda ya saba kiransa ya gyara masa taga sai ya gano cewa tagar za ta iya jira. Masu ginin sabon birni suna ɗibar kafintoci mota-mota, har an sa sunansa, amma aka ce sai ya kawo takardar 'yan sanda cewa ba shi da magana a kansa. Ya je wurin waɗanda za su ba shi takardar, suka nuna masa fayil ɗinsa. Abin da ya fi damuna shi ne bai taɓa canza mini fuska ba. Kullum da safe sai ya rusuna a bakin zaure ya ce Malam an kwana lafiya. Da zai zage ni sau ɗaya da na samu barci. Hannatu ma ba ta fasa aiko wa Rabi da abin miya ba, sai dai ta daina zama hira.

Na yi abin da na iya, wato rubutu. Na rubuta wa Insifeto takardar koke shafi uku da Turancin da na daɗe ban fito da shi ba. Ya karanta, ya yaba, ya ce rabonsa da ganin irin wannan Turanci tun yana makaranta, sa'an nan ya huda takardar ya zura ta cikin fayil. Na sake rubuta wata. Daga baya na gane cewa duk abin da nake yi ƙara wa fayil ɗin ƙiba ne, kuma fayil mai ƙiba shi ake nuna wa manya a ce ana aiki.

Sajan Onwuka ne ya buɗe mini ido, wata rana da ya biyo zaurena ya sha ruwa. Ya ce kowace ƙara da ta shiga babban littafin nan dole ta ƙare a ɗayan gida uku. Gida na farko na waɗanda aka kama aka kai kotu. Na biyu na ƙarar da aka bincika ba a gano kowa ba. Na uku na ƙarar da aka tarar ba laifi aka yi ba, kuskure ne ko mantuwa. Duk wata uku ana ƙirga abin da ke kowane gida a aika hedikwata. Manyan can ba sa karanta labarin kowa, gida na biyu kawai suke dubawa. Idan ya yi tsawo, sai takardar tuhuma ta sauko, bayanta kuma canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ko mota ba ta zuwa. Tun da baƙi suka cika gari fashin gidaje ya ninka, gidan nan na biyu ya cika har ya tumbatsa, shi ya sa Insifeto ya hana a ƙara masa ko layi ɗaya. Amma ƙarar da ke da sunan wanda ake zargi ba ta shiga kowane gida. Ana rubuta cewa bincike na ci gaba, kuma bincike yana iya ci gaba har mai binciken ya yi ritaya. Ba za su kai Irmiya kotu ba, don alƙali zai kore su. Ba kuma za su sake shi ba, don sunansa ne ke hana ƙarar faɗawa gida na biyu.

Na ce masa ai wannan zalunci ne. Ya juya kofin ruwan a hannunsa, ya ce, "Malam, ni ma na san ba shi ba ne. Amma in na goge sunansa, me zan sa a gurbin?"

Daga ranar na koma roƙon abu guda. Ina jin ni kaɗai ne a ƙasar nan da ke sintiri caji ofis yana roƙon 'yan sanda su yarda sun kasa. Na ce na yafe keken, na yafe rediyon, su rubuta ba a gano kowa ba kowa ya huta. Insifeto ya ce yafiya tsakanina da Allah ce, littafi ba shi da gidan yafiya. Sai ya rage murya ya ce ƙofar gida na uku dai a buɗe take. Rediyo da riga ba abin damuwa ba ne, ana iya cewa aro aka yi. Keken ne babba. Idan na sa hannu cewa tun kafin ranar na aika wa mai shi da kayanta na manta, to ba a yi sata ba, kuma inda ba a yi sata ba babu wanda ake zargi. Ya ƙara da cewa mantuwa ba abin kunya ba ce ga mai shekaruna. Na gode masa da wannan karamci na fito.

Wata biyu ina ƙin sa hannun nan. Shekara ashirin da shida na yi ina sa yara durƙuso a rana saboda ƙaryar da ba ta kai wannan ba. Kuma keken ba nawa ba ne. Ke aka ba ranar rabon gado, ni ajiya kika ba ni lokacin da aka yi wa Malam Isiyaku canjin wurin aiki. Ina cikin wannan sai saƙo ya zo wa Irmiya daga Kagoro cewa mahaifinsa yana kwance. Ya nemi izinin kwana huɗu aka ce Alhamis za ta faɗo a ciki. Bai gaya mini ba, Hannatu ce ta faɗa wa Rabi a bakin rijiya. Bayan mako uku saƙo na biyu ya zo, cewa tsohon ya daina cin abinci, sunan Irmiya kawai yake kira. A ranar na sa hulata na tafi. Na rubuta da hannuna cewa ni Tanimu, tsohon hedimasta, na aika wa ƙanwata Daso da keken ɗinkinta Maiduguri tun watan Mayu, na manta, na ɗaga wa hukuma hankali a banza. Insifeto ya sake yaba Turancin.

Sajan ya ba Irmiya izini a ranar. Irmiya ya tarar da mahaifinsa da rai, suka yi kwana huɗu tare kafin Allah ya karɓi abinsa. Ya dawo makon jiya. Wannan kaɗai nake tunawa idan abin ya taso mini.

Sai dai ba a gama ba. Ƙarar ta shiga gida na uku, amma da fensir. Insifeto ya ce ƙa'ida ita ce sai an aika wa 'yan sandan Maiduguri su tura mutum ya ji daga bakin mai kaya cewa kayanta na hannunta. Ranar da amsar ta dawo za a bi fensirin da tawada, a rufe fayil, a ba Irmiya takardarsa. Idan amsar ta saɓa, gogewa ba ta da wuya. Ni in amsa laifin yi wa hukuma ƙarya, shi kuma ya koma Litinin da Alhamis. Yadda na san tafiyar takardunsu, mai yiwuwa ɗan sandan ya iso gidanku gobe, mai yiwuwa sai Ummi ta yi jika.

Saura abu ɗaya, kuma ki zauna kafin ki karanta. Kwana goma da suka wuce na je Gauraka gaisuwar rashin lafiya. Ina tsaye bakin hanya ina jiran mota sai na ji ƙara daga wata rumfa. Kin san ƙarar nan, wadda ke tafiya sumul sai ta yi ɗan tuntuɓe kamar mai tari, ta ci gaba. Da ita muka yi barci muna yara. Na bi ta. Wani tela ne mai suna Almu, dattijo mai fara'a, yana ɗinka wando. Ga mariƙin itacen maɗacin da Baba ya sassaƙa lokacin da na ƙarfen ya karye. Ga tabon fitilar da kika kifar a kan katakon, kika ce ni ne. Na zauna a bencinsa. Cikin hira ya ce a damina ya saye shi wurin wani mai wucewa a motar kaya, bai san sunansa ba, kuma na yarda da shi. Na ce ko zai sayar. Ya yi dariya ya ce ko da sabo biyu ba zai musanya ba, da shi yake ci da iyalinsa, kuma bai taɓa riƙe keke mai albarkarsa ba.

Na buɗe baki in ce namu ne, sai na tuna inda maganar za ta kai. A littafin hukuma keken nan yana Maiduguri, kuma ni na rubuta haka. Idan yana Gauraka, to an yi sata, kuma sunan da ke cikin fayil har yanzu ɗaya ne, sai dai a ƙara na Almu ya zama biyu. Na gwada wa Sajan maganar a kaikaice, na ce a misali mutum ya ga abin da bai ɓata ba a inda bai kamata ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, yau kunnena ba ya ji sosai." Ya ci gaba da rubutunsa.

To ga inda nake, Daso. Na san inda keken Inna yake, ina iya zuwa in zauna kusa da shi duk ranar da na so, amma ba ni da bakin cewa namu ne. Na yi kyauta da abin da ba nawa ba, kuma yanzu ina roƙon ki sa baki a cikin ƙaryata. Ba zan sa wa abin wani suna mai daɗi ba. Idan ɗan sanda ya yi sallama a ƙofarku ya tambaya ko kekenki na hannunki, ina roƙon ki ce yana nan. Ki nuna wa Malam Isiyaku wannan takarda, don kada a zo ba ya da labari. Idan kuma zuciyarki ta ƙi, hakkinki ne, ba zan riƙe ki da komai ba. Sai dai ki rubuto mini da wuri, don in gaya wa Irmiya da bakina kafin ya ji a kantar caji ofis. Ni na ba da sunansa, bai kamata wani ya riga ni ba.

A cikin ƙunshin nan za ki ga kallabi. Na saya a kasuwa na kai wa Almu ya kalmashe bakinsa, na zauna ina kallo har ya gama. Ki bi ɗinkin da yatsa. Duk bayan taƙi ɗaya za ki ji inda ya tsallake, kamar yadda yake yi a rigunanmu na makaranta. Almu ya ba ni haƙuri a kan wannan, ya ce ya rasa yadda zai gyara. Na ce ya bar shi haka.

Ki gaishe mini da Malam Isiyaku da kyau, da Ɗantala da karatunsa, da ƙaramar da ban gani ba tukuna. Rabi tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba ta ƙara share komai sai an zo an gani, kuma tsakar gidanmu shaida ce. Goggo Jummai tana gaisuwa, ba ta san komai a kan wannan ba, kada ki bari ta sani. Hannatu ta ji ina rubuta miki ta ce in gaishe ki, ta kuma daɗe a tsaye. Ita kuwa Ummi, ki ce mata kawunta ya ci amanarta, ya kuma san da haka. Keken kakarta yana nan lafiya, yana aiki kullum, yana ciyar da gida guda. A wurin gwamnati kuwa yana ɗakinku tun watan Mayu. Ki riƙa sa masa mai.

Allah ya sada mu da alheri, ya yafe mana abin da muka sani da wanda muka sa hannu a kai.

Ni ne yayanki mai jiran amsarki,
Tanimu.